Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanonin da ke ƙera injinan ɗaukar samfur, kan sharuɗɗan kwangilarsu

Ranku ya daɗe shugabannin kamfanonin da ke ƙerawa da sayar da injinan ɗaukar samfur a masana'antu, da lauyoyin da ke tsara muku sharuɗɗan ciniki, ina gaishe ku da kyau, da fatan kuna lafiya kuma aiki na tafiya yanda ake so.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma da yawun abokan aikina nake wannan rubutu, masu duba ingancin kaya a wuraren haƙar ma'adinai da kamfanonin siminti da na taki da tashoshin lodin kwal da tama da kuma layukan bututun mai, wato mu da muke karɓar abun da injinku ya ɗebo mu niƙa mu auna mu sa hannu a takardar sakamako. Abun da ya sa na rubuto shi ne sabbin takardun sharuɗɗa da ke ta zuwa mana tare da farashin injina a 'yan kwanakin nan. Mun zauna mun bi su sadara bayan sadara, har rubutun nan ƙanana na bayan takarda da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba, kuma gaskiya hankalinmu ya tashi. An cika shafuka da yanda za a biya ku da lokacin da za a biya ku da duk abubuwan da ba ruwanku da su, amma mun rasa wuri ɗaya da aka ce samfurin da injin zai ɗebo zai wakilci kayan da ke wucewa.

Toh ai wannan ɗin shi ne aikin injin gaba ɗaya. Pierre Gy, injiniyan nan ɗan Faransa da ya fara aiki kan ƙa'idar ɗaukar samfur tun shekarun 1950 kuma ya rasu a 2015, duk bayaninsa a kan abu ɗaya ya ginu, cewa kowace ƙwaya ta kayan da ke wucewa, babba ce ko gari ce, dole damarta ta shiga samfur ta zama daidai da ta sauran. Daga nan ne ƙa'idojin da kuka fi mu sani suka fito, faɗin bakin mayankin, wato ɓangaren injin da ke ratsa kaya ya ɗebo samfur, ya kai aƙalla ninki 3 na girman manyan duwatsun da ke cikin kayan, gudunsa a wannan faɗin kar ya wuce mita 0.6 a daƙiƙa, ya ratsa kayan gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan da gudu iri ɗaya, kuma kar ya cika ya zube. Ƙa'idojin hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, wato ISO 3082 na tama da ISO 13909 na kwal da ISO 12743 na tataccen garin tagulla da dalma da tutiya duk sun zo da irin waɗannan sharuɗɗa, kowanne da nasa iyakokin. A takardunku na talla kuna rubuta cewa injin ya dace da ISO kaza, wakilinku ma haka yake faɗa a zaman ciniki, amma da ka buɗe kwangilar sai ka tarar da wata sadara da ke cewa duk abun da aka faɗa da baki ko aka rubuta a takardar talla ba ya cikin yarjejeniya, abun da ke cikin wannan takardar ne kaɗai ya ɗaure kamfani. Sai ka duba me ke cikin takardar, ƙarfe mai kauri kaza, moto mai ƙarfi kaza, irin fentin da za a shafa, da cewa injin zai tashi in an danna. Shikenan alkawarin.

Kun san abun da ke faruwa a kan bel ɗin da ke jigilar kaya. Kaya ba ya zama a gauraye in yana tafiya, girgiza tana sa garin ya nutse ƙasa manyan su taso sama ko su gangara gefe. Injin da ke sharo samfur daga kan bel ɗin in akwai 'yar tazara tsakanin bakinsa da bel, garin nan zai bari a baya, kuma a kwal sau da yawa garin ne ya fi riƙe danshi, tokarsa ma ba ɗaya ba ce da ta manyan. Wanda ke ratsa kaya a inda yake zubowa kuwa in ya cika gudu ko bakinsa ya matse, manyan ne za su dinga bugun leɓensa suna faɗawa waje. Bayan nan kuma ga injin farfasawa da na rabawa, in an raba samfur ya yi ƙanƙanta tun ba a farfasa shi ba kuskure ya ƙaru sosai, in hanyar da yake bi a buɗe take ko injin ya yi zafi danshi ya gudu kafin ya iso hannunmu. Kuma irin wannan karkatar ba ta tsayawa a lamba ɗaya balle a ce a ƙara kaza ko a rage kaza a lissafi, yau kaya ya zo a jiƙe gobe ya zo a bushe, yau gari ya yi yawa jibi duwatsu, shi ya sa in wakilinku ya ce mu sa wata lamba a kwamfuta ta dinga gyara sakamako ba ma yarda. Duk tsadar na'urar da ke ɗakin gwaji da duk ƙwarewar mai aiki da ita, abun da aka kawo masa zai auna, ba zai iya dawo da garin da aka bari a kan bel ba.

Ku ɗauki jirgin ruwa mai tan 50,000 a matsayin misali. In samfur ya karkata da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a danshi kaɗai, tan 250 kenan, ko dai mai saye ya biya kuɗin ruwa a matsayin kaya ko mai sayarwa ya yi asarar kayansa, kuma haka zai dinga faruwa a kowane lodi babu wanda ya sani. Tama da bushasshen nauyi da yawan ƙarfen da ke ciki ake cinikinta, kwal kuma da zafin da yake bayarwa da toka da danshi da farar wuta, in an wuce iyaka akwai tara. A kamfanin siminti kuma da wannan samfurin ake daidaita haɗin da ke shiga murhu. Masu sayar da sikelin bel, wanda sau da yawa a kan bel ɗaya yake zaune da injinku, suna rubuta ajin daidaiton sikelinsu bisa OIML R 50, ƙa'idar duniya ta irin wannan sikelin, aji 0.5 ne ko aji 1, kuma a gwada a gani. Me ya sa mai auna nauyi zai iya ɗaure kansa da lamba, mai ɗebo samfurin da za a yanke farashi da shi ya ce shi ƙarfe kawai ya sayar?

Hanyar tabbatarwa kuma sananniya ce, ba mu muka ƙirƙiro ta ba. A tsayar da bel, a kulle wuta, a ɗora firam a kwashe duk abun da ke tsakani har garin ƙasa da buroshi, wannan shi ne samfurin da ake ɗauka a matsayin ma'auni, sai a kwatanta shi da wanda injin ya ɗebo daga kayan da ke kusa da wurin, a maimaita sau da yawa sannan a yi lissafi a ga ko akwai karkata. ISO 13909 kashi na 8 ya tsara yanda ake yi a kwal, ISO 3086 ya tsara na tama. A bututun ɗanyen mai kuma akwai gwajin zuba ruwa da ISO 3171 ya kawo, a shigar da ruwan da aka san yawansa cikin layin kafin ya iso injin a ga ko zai bayyana a samfur yanda ya kamata, sabida ruwa ya fi mai nauyi, kwanciya yake a ƙasan bututu in babu abun da ke gauraya shi. Amma a sharuɗɗanku wannan gwajin ko dai babu shi sam, ko an sa shi a jerin ƙarin aikin da mai saye zai biya daban in yana so, kuma ko an yi shi injin ya faɗi babu abun da ya hau kanku. Gwajin da kuka amince da shi shi ne wanda ake kira FAT, a harabar kamfaninku, injin na kai da komo babu ko ƙwaya ɗaya ta kaya a ciki. Na wurin aiki ma da ake kira SAT sau da yawa haka ake yinsa a kan bel mara kaya, a ga moto ya juya a ga fitila ta kama a sa hannu.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne sharaɗin nan da ke cewa in mai saye bai yi gwajin karɓa ba cikin 'yan makonni da isowar kaya, ko kuma ya fara amfani da injin, toh an ɗauka ya karɓa kenan. Dan Allah ta yaya za a yi gwajin karkata ba a fara amfani da injin ba? Dole sai kaya na gudu a kan bel, kuma sai an samu lokacin da za a dinga tsayar da layi, wanda babu manajan da ke bayarwa da sauƙi. Kunga an tsara abun ta yanda ranar da muka kunna injin dan mu gwada shi, a takarda mun riga mun karɓa.

Garanti ma haka. Abun da aka saba gani shi ne wata 12 daga fara aiki ko wata 18 daga ranar da kaya ya bar kamfaninku, duk wanda ya riga zuwa. A wani wurin da na yi aiki injin ya iso cikin akwatuna tun ba a gama ginin hasumiyar da za a ɗora shi ba, ya yi zamansa a sito, ko da aka girka aka tayar da shi saura kaɗan garantin ya ƙare. Aka fara lodi, sai ga sakamakon mai sayen kayanmu a tashar sauke kaya ya dinga saɓawa da namu kuma kullum ta ɓangare ɗaya. Aka taso ɗakin gwaji a gaba, aka ce a sake saita na'urori, aka sake, aka aika samfur wani ɗakin gwaji na waje ya fito daidai da namu, duk da haka wani yaro mai ƙoƙari da ke aiki tare da mu sai da aka ba shi takardar neman bahasi har aka cire shi daga aikin dare ana zargin yana barci. An bar jaki ana dukan taiki. Da ƙyar aka yarda aka tsayar da bel aka yi gwaji, sai ga shi injin yana barin garin ƙasa a duk sharar da ya yi. Da aka rubuta wa masu injin amsarsu gajera ce, garanti ya ƙare, kuma buroshi da robar baki ai kayan cinyewa ne ba sa cikin garanti tun asali. Yaron nan babu wanda ya ba shi haƙuri a rubuce, takardar tana nan a fayil ɗinsa.

Wannan batun kayan cinyewa ku sake dubawa. Mun yarda ƙarfe na cinyewa, babu mai cewa ku dinga ba da buroshi kyauta har abada. Amma a injin ɗaukar samfur leɓen mayanki da buroshi da robar da ke taɓa bel su ne suke yanke hukuncin me zai shiga me zai tsaya a waje, in leɓe ya lanƙwashe faɗin baki ya canza, samfur ya canza. Kwangila ba ta faɗin iyakar cinyewar da za a canza su, ba ta faɗin wata nawa ake sa ran za su yi da irin kayanmu, wasu injinan ma babu ƙofar leƙawa da mutum zai tsaya lafiya ya ga mayankin yana ratsa kaya da idonsa. Sannan babu alkawarin shekara nawa za a ci gaba da samun kayan gyara, sai dai wata rana ka aika oda a ce an daina yin irin wannan injin.

Sai maganar diyya. Kun rubuta cewa duk abun da ya faru iyakar abun da za ku biya shi ne kuɗin injin ko wani kaso nasa, kuma babu ruwanku da asarar da ta biyo baya, tara ce ko lodin da aka ƙi karɓa ko ciniki da ya lalace. Mun fahimci babu kamfanin da zai ɗau nauyin darajar duk jirgin da zai wuce ta ƙarƙashin injinsa, wannan gaskiya ne kuma ba shi muke nema ba. Abun da ba mu fahimta ba shi ne a haɗa wannan iyaka da rashin alkawarin aiki a takarda ɗaya. In kun sa iyaka kan abun da za ku biya, toh ku ɗaure kanku da gyara har injin ya ci gwaji, in kuma ya gagara ku kwashe abunku ku dawo da kuɗi.

Akwai kuma manhajar da ke tuƙa injin. Ita ce ke riƙe da tazarar lokaci ko yawan tan tsakanin yanka da yanka, da gudun mayanki, da tarihin duk lokacin da injin ya tsaya ko ya tsallake. Kuna kulle ta da kalmar sirri ku ce mallakarku ce, mu hayar amfani kawai aka ba mu. Mu kuma ISO/IEC 17025 na 2017, ƙa'idar da ake tantance ɗakunan gwaji da ita, a sashe na 7.3 yana buƙatar ɗakin gwajin da ke ɗaukar samfur ya kasance da tsari da hanya a rubuce kuma ya adana bayanan yanda aka ɗauka, mai bincike in ya zo mu yake tambaya. Sai ka ga dan a canza tazarar yanka sabida girman lodi ya canza sai an jira injiniyanku ya zo ko ya shigo ta intanet a biya shi kuɗin awa, kuma in ya shigo ɗin ba ma ganin me ya taɓa.

Sauran zan wuce su da sauri. Kuna son sayarwa a kan sharaɗin EXW na Incoterms 2020, ƙa'idojin miƙa kaya a cinikin ƙasa da ƙasa, wanda hatsari ke komawa kan mai saye tun kaya na harabarku ba a ma ɗora shi a mota ba, alhali ku kuka san yanda ake ɗaure mayanki kar ya karkace a hanya. Kuna cire yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a Biyana, doka ta ba ku damar cirewa, amma mun lura sashe na 35 nata ne ke cewa kaya ya dace da aikin da aka sanar da mai sayarwa an saye shi dominsa, sashe na 39 kuma yana ba mai saye damar kai ƙorafin aibi cikin lokacin da ya dace, iyakarsa shekara 2 daga karɓar kaya, ku kuma kun maye gurbinsu da 'yan kwanaki. In rigima ta taso kuma a garinku za a zauna da dokarku, wanda ƙaramin kamfani ko kuɗin zuwa ba zai iya ba.

Ba ku kaɗai nake wa magana ba, ofisoshin sayayya na masana'antu su ma su ji. Sau da yawa su ne ke sa hannu ba su nuna wa ɗakin gwaji takardar ba, su zaɓi mafi arha, su ba ku bayanin kaya na ranar da komai ke lafiya su ɓoye na lokacin da yake zuwa a jiƙe yana manne ko'ina, ko a gama zana layi gaba ɗaya sannan a tuna da injin samfur a cusa shi inda babu tsayin da zai ishe shi. In mai saye ya yi haka kuna da haƙƙin ku ƙi ɗaukar alkawari. Amma ku faɗa a rubuce tun kafin ciniki cewa a wannan wurin injin ba zai ba da samfur na gaskiya ba, kar ku karɓi kafin alƙalami ku yi shiru.

Ga abun da muke roƙo. Ku rubuta sunan ƙa'idar da injin zai bi a cikin kwangilar kanta, da lambarta da shekararta, tare da faɗin baki da gudun mayanki da nauyin da kowace yanka za ta ɗebo, da kuma bayanin kayan da aka ƙera shi dominsu, girman manyan duwatsu, danshi mafi yawa, tan nawa a awa. Gwajin karkata ya zama shi ne sharaɗin karɓa, a yi shi da kayan gaske a kan bel ɗin gaske, a amince tun kafin sa hannu kan iyakar karkatar da za a lamunta da wanda zai yi gwajin, kuma ya zama wani ne daban mai zaman kansa. Kason ƙarshe na kuɗi ya tsaya a hannun mai saye har sai injin ya ci wannan gwajin, in ya faɗi gyara da maimaita gwaji a kanku, in jinkiri daga mai saye ne a sa wa'adi mai ma'ana wanda ya yi la'akari da cewa sai layi ya fara aiki. A cire sharaɗin da ke cewa kunna injin karɓa ne.

Garanti ya fara ƙirgawa daga ranar da aka ci gwajin, in kuna tsoron kaya ya daɗe a sito ku ba da ƙa'idar ajiya ku zo ku duba kafin girkawa, mu biya kuɗin zuwan. Ku ba mu jerin kayan cinyewa da ma'aunin da za mu gane lokacin canji ya yi, da alkawarin shekarun da za a same su, mu shekara 10 muke nema. Ku sa ƙofofin leƙawa masu kariya a kowane mataki. Kalmar sirrin saita injin da duk bayanan da yake tarawa su zama na mai saye, a ajiye kwafin manhajar a hannun amintacce na uku ko da kamfaninku ya rufe ko an sayar da shi, kuma duk wanda ya shiga ya canza wani abu injin ya rubuta wa ya shiga da me ya canza. Inda akwai ƙurar kwal ko tururin mai, takardar shaidar ATEX ko IECEx, mai nuna injin ba zai tayar da gobara ko fashewa a irin wannan wurin ba, ta zo tare da injin, kar a bar mu muna bin ta bayan an girka. Horon ma'aikata kuma a sa shi cikin farashi, a haɗa da mutanen ɗakin gwaji, tunda yanzu makanikai da masu lantarki kawai ake kira.

Muna roƙon ku amsa mana a rubuce, ku faɗi waɗanda kuka yarda da su da waɗanda kuke da ja a kai da dalilinku. In akwai wanda zai ƙara farashi ku faɗi nawa zai ƙara, mu za mu shiga ofishin sayayya mu kare shi. A shirye muke mu zauna da injiniyoyinku da lauyoyinku kafin a buga takardar sharuɗɗa ta gaba.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, a madadin abokan aikinsa masu duba ingancin kaya